Bamalli da Dilar Kayan Wasan Turai

"Ni fa in aka ba ni yaro ɗan shekara biyu, aka haɗa ni da kayan wasan da suka dace, kafin ya cika uku sai ya gyara wa malaminsa lissafi."

Bamalli ke nan, a teburin mai shayi na unguwar Kurmin Sarki a Suleja. Ba sau ɗaya ya faɗa ba, ba sau goma ba, har mai shayin ya haddace, yana ƙarasa masa in tari ya sarƙe shi a tsakiya.

Bari in gaya maka ko wane ne Bamalli, don kada ka ɗauka wani babban malami ne. Masinja ne a wata ma'aikata a Abuja, shekara goma sha takwas. Ana sallame asuba yake bin bas daga Suleja, ya wuni ana ce masa "Bamalli, ɗauko fayil," "Bamalli, ɗauko ruwa," har jikinsa ya saba, kafin kunnensa ya gama jin "ɗauko" ƙafarsa ta riga ta tashi. Amma in ya dawo unguwa aka tambaye shi aikinsa, sai ya gyara wuyan riga ya ce suna ɓangaren tsare-tsare.

To, bara ma'aikatar ta shirya taron bita na kwana uku a wani otal, kan tarbiyyar ƙananan yara. Bamalli ne ya jera kujeru, shi ya raba shayi da biskit. Abin da ya ji na taron duk ta ƙofa ya ji shi: a buɗe ya ji rabin magana, a rufe ya ƙarasa sauran da kansa. Da aka watse sai ya tsinci jaka ɗaya da ta yi saura, da katin ratayawa a wuya wanda ba a rubuta suna ba. Ya rubuta nasa da manyan baƙaƙe. Tun daga ranar unguwa ba ta huta ba. 'Yan teburin shayi suka sa masa Farfesan Jarirai, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, bai san tsiya ake yi masa ba.

Mai aikin yara na gaskiya a gidan matarsa ce, Rahama. Ka san rabin mutanen Suleja a Abuja suke wuni, kuma ba a hawa bas ɗin safe da ɗan shekara biyu. Don haka shekara bakwai ke nan iyaye suna ajiye mata 'ya'yansu da sassafe, su ɗauka da yamma. Yara tara take riƙe da su. Kayan wasanta kuwa a buhu ɗaya suke: ƙoƙuna na duma manya da ƙanana da ake jera wani cikin wani, ludaya, 'yan tsana na tsumma da ta ɗinka da hannunta, gutattakin katako da kafinta ya goge mata su sumul, da wani babban kwali da yake zama mota da safe, ya zama shago da rana. Yaran suna ƙaunar buhun nan kamar me.

Ana nan sai wani sabon gidan reno ya buɗe a bakin titi, an shafe bangonsa da fenti kala-kala, ta taga kana hango kayan roba suna walƙiya. Hajiya Dije, wata nas mai tagwaye a wurin Rahama, ta zo ɗaukar 'ya'yanta ranar Laraba, ta faɗa mata cikin mutunci cewa ƙawayenta suna yi mata dariya, wai 'ya'yan nas guda suna wasa da ludayi. Ta ce ita da sauran iyaye za su zo ranar Asabar su duba da idonsu, sannan kowa ya yanke shawara. Rahama ta san in Hajiya Dije ta cire tagwayenta, sauran binta za su yi ɗaya bayan ɗaya, aikin shekara bakwai ya watse. Ranar ko tuwo ba ta iya ci ba.

Bamalli kuwa da ya ji labari, murna ta kama shi. Ga ranar da yake jira.

"Maman Auwal, ki kwantar da hankalinki. Kina zaune da ƙwararre a gida kina kuka? Wannan tarkacen naki ne ya jawo mana raini."

Ya ɗauki buhun ya cilla kan rufin kicin. Ya nemi hutun ranar Juma'a a ofis, ya ce yana da wani muhimmin aikin tuntuɓa. Da ya tashi zuwa sayo sababbin kayan wasa, Rahama ta roƙe shi ta bi shi kasuwa, ya ce ba wurin zuwan wanda bai halarci bita ba ne. Ta ce to, ya riƙe abu uku: kada ya sayo abin da zai shige bakin yaro gaba ɗaya, kada ya sayo mai kaifi, kuma ya shinshina kafin ya ɗauka. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai shinshinawa, sai ka ce daddawa zai saya.

A layin 'yan gwanjo na babbar kasuwa akwai wata mata, Chioma, da ta daɗe tana sayar da kayan yara. Da ta ji shekarun yaran, sai ta shimfiɗa masa abin kirki: tubalan katako na ɗorawa, kofuna masu shiga cikin juna, littattafan hoto masu kaurin shafi da yaro ba zai yaga ba. Bamalli ya dube su a yatsine. Ya ce waɗannan ai bebaye ne, ba sa ƙara, ba sa motsi, kuma hannun kowa ya taɓa su. Kofunan ma, in ji shi, ƙoƙunan matarsa ne aka yi wa fenti.

Can a lungun shagon idonsa ya faɗa kan wata ƙaramar dila, ɗaure tamau da igiyar roba, ba a taɓa buɗe ta ba. A jikinta akwai rubutun wani yare da ba Turanci ba, da wani tambari mai ƙananan ɗigo huɗu a sama da babba ɗaya a ƙasa. Bamalli ya ce fure ne, alamar yara.

"Oga, wannan ba naka ba ne," in ji Chioma. "Mutanen Maitama ne suke zuwa su saya, saboda..."

Ai ba ta ƙarasa ba. Kalmar Maitama ta riga ta shige masa kai. Wato 'ya'yan masu kuɗi ake ɓoye wa na ƙwarai, a bar wa 'ya'yan Kurmin Sarki bebayen katako? Sau uku matar nan tana buɗe baki ta yi masa bayani, sau uku yana ɗaga katin wuyansa yana kai mata har hanci. Daga ƙarshe ta ɗaga kafaɗa ta ce, "To, Oga Farfesa. Amma in ka yanka igiya, babu dawowa."

Ya ɗora dila a keke, ya zauna kusa da ita yana riƙe da ita kamar amarya. Suna wuce rumfar mahauta sai wasu karnuka biyu suka bar ƙashin da suke ci, suka biyo keken a guje. Mai keken ya ƙara wuta, suka ƙara. Har ƙofar gida suka raka shi, suka zauna suna kaɗa jela. Bamalli ya ce wa mai keke ya gani ko, kayan Turai ko dabba ta san su.

Rahama ta zagaya dilar sau biyu, ta toshe hanci, ta ce a buɗe yau ta wanke komai da ruwan zafi. Ya ƙi. Ya ce a gaban iyaye za a yanka igiyar, don kowa ya shaida daga jirgi sai tsakar gidansu. Warin da take ji kuwa, ƙamshin teku ne, ita da ba ta taɓa wuce garin Tafa da ke nan kusa ba ina za ta san shi.

Ranar Asabar da hantsi aka shimfiɗa tabarmi, iyaye suka zazzauna da 'ya'yansu. Mutum ɗaya ne bai iso ba, Titus, uban wata yarinya mai suna Dokas, don shi har Asabar yana leƙa aiki, sai uwar ce ta kawo ta. Dokas ta kusa shekara uku amma ba ta cika magana ba, sai dai kallo, kuma abin da ta kalla ba ta mantawa.

Bamalli ya fito cikin kwat, a wannan zafin, kati a wuya, jakar bita a kafaɗa. Ya yi jawabin da ya kai rabin awa kan ƙwaƙwalwar yaro, wadda ya ce kamar soso take, ko kamar batir, ya manta wanne aka ce. Sannan ya yi bisimilla ya yanka igiya.

Abu na farko da ya zaro wani ƙaton ƙashi ne na roba. Ya matsa shi, ya yi tsuwa. Yara suka ƙyalƙyale da dariya, kan Bamalli ya ƙara girma.

"Kimiyyar jiki ke nan. A Turai tun yaro yana rarrafe ake nuna masa ƙashi, shi ya sa likitocinsu suka fi namu."

Hajiya Dije ta karɓa ta jujjuya, ta tambaya me ya sa duk jikinsa huji-huji kamar an tattauna. Bamalli bai ko ƙifta ido ba. Ya ce kamfani ne yake yin su haka, don a nuna wa yaro inda zai sa haƙori. Da ya ga ba ta gamsu ba, sai ya karɓe ya kai baki ya gartsa masa cizo. Ƙashi ya yi tsuwa. Ya sake gartsawa don na baya su gani.

Na biyu igiya ce mai kauri da ƙulli a kowane gefe. Ya ce ta koyon ƙirga ce. Wani uba ya ce ai ƙulli biyu ne kawai. Bamalli ya ce a Turai ba a gaggawa, sai yaro ya ƙware a biyu ake sayo mai uku. Na uku wani kwano ne mai lunguna a ciki. Ya ce a zuba gyaɗa yaro ya yi ta nema, basira ta buɗe. Nan Rahama ta sa baki a hankali ta ce ba a ba ɗan shekara biyu ƙwayar gyaɗa, shaƙe shi take yi. Hajiya Dije ta gyaɗa kai, ta dubi Rahama, ta dubi Farfesa. Duk wannan abin da ake yi, Rahama tana bin yara a baya, duk wanda ya nufi baki da wani abu ta zare shi ta ɓoye a bayan zaninta.

Da Bamalli ya ga kasuwarsa tana neman sanyi, sai ya fito da ƙwallo mai gashi-gashi. Ya ce wannan wasan biyayya ne da saurin fahimta. Ya jefa ƙwallon can bakin rijiya da aka rufe, ya ce, "Ɗauko!" Yara suka kwasa a guje, wanda ya kawo ya shafa masa kai ya ba shi gutsuren biskit. A gaskiya wannan wasan ya karɓu, an yi shi ya fi sau goma. Dokas ce kaɗai ba ta gudu ba. Ta tsaya riƙe da nata biskit ɗin tana kallo.

Sai ya zaro wani ɗan madauri na fata mai ƙararrawa, da wani ƙarfe da aka zana suna da lambar waya. Ya ce 'ya'yan Turawa da adireshinsu suke yawo a wuya, kuma ya nufi ɗaya daga cikin tagwaye zai ɗaura mata. Hajiya Dije ta janye 'yarta ta ce a'a, a bar wannan tukuna. Fuskarta ta fara canjawa, ta sauran iyaye ma haka.

Bamalli ya zura hannu har ƙasan dila yana neman abin da zai wanke shi. Ya ci karo da wani faffaɗan abu na roba mai kama da mazurari, buɗe sama da ƙasa. Shi kansa bai san mene ne ba, amma bakinsa bai jira shi ba.

"Yawwa. Ga uban tafiyar. Wannan ita ce hular tattara hankali. In ka sa wa yaro, ba ya ganin hagu, ba ya ganin dama, sai karatu."

Babu uwar da ta miƙa ɗanta. Don haka ya ce zai gwada a kansa. Hannunsa ɗaya yana riƙe da ƙashin nan, ga maɓallin abin yana son hannu biyu, sai ya maƙale ƙashin a baki, ya naɗa mazurarin a wuya, ya danna. Abu ya ce ƙas, ya kama.

A daidai wannan lokacin Titus ya yi sallama ya shigo.

Abin da ban gaya maka ba, aikin Titus a Maitama yake, a gidan wani attajiri, kuma shi ke kula da karnukan gidan guda huɗu: wanka, abinci, kai su asibiti, komai. Ya tsaya cak a bakin zaure. Ya dubi igiya, ya dubi kwano, ya dubi ƙararrawa, sannan ya dubi Bamalli, kwat a jiki, mazurari a wuya, ƙashi a baki. Titus mutum ne mai kunya, ya so ya yi shiru. Hajiya Dije ce ta lura da fuskarsa ta ce ya faɗi abin da ya gani.

"Hajiya, ku yi haƙuri fa. Oga Bamalli, ka yi haƙuri. Kayan karnuka ne. Wannan ƙashin na tauna ne, kuma wani ya riga ya tauna shi sosai. Kwanon don kada su haɗiye abinci da sauri ne. Wannan na wuyanka kuma..." Ya sosa ƙeya. "In an dandaƙe kare ake sa masa, don kada ya lashi wurin."

Ƙashi ya faɗo daga bakin Bamalli, ya gangara cikin mazurarin, ya tsaya a ƙarƙashin haɓarsa, ya yi 'yar tsuwa.

Ka san irin su Bamalli ba sa faɗuwa sau ɗaya. Ya ce ƙarya ne, hassada ce, mai wankin kare zai koya wa wanda ya halarci bita? Don ya nuna wasan na yara ne, ya ɗauki ƙwallo ya jefa. Bai ma kai ga cewa komai ba, karnukan nan biyu da suka kwana a ƙofar gida suka faɗo ta zaure. Ɗaya ya cafe ƙwallon tun bai taɓa ƙasa ba, ɗaya ya suri igiyar koyon ƙirga, suka fice kamar an biya su.

Tsakar gida ta kaure da salati. Iyaye mata suna duba bakin 'ya'yansu, Hajiya Dije ta saɓa ɗaya daga cikin tagwayenta a kafaɗa, ta ja ɗayar, ta nufi ƙofa. Rahama ta ga shekara bakwai tana fita ta zaure, hawaye ya cika mata ido, amma ba ta tsaya kuka ba. Ta sha gaban Hajiya ta kwance bayan zaninta, ta zube duk abin da ta ƙwace, ta ce babu yaro ko ɗaya da ta bari ya kai baki. Ta jawo baho da sabulu ta wanke hannuwan yara tara tas, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ɗauki gorar shanya ta zunguro buhunta daga kan rufin kicin.

Buhun yana faɗowa yara suka manta da Turai. Uku suka shige kwali suka tafi Kaduna. Ɗaya daga cikin tagwayen ta zame daga hannun uwarta, ta zauna ta jera ƙoƙuna daga babba zuwa ƙarami, tana ƙirgawa har shida, ta kife su ta sake. Hajiya Dije ba ta taɓa sanin 'yarta ta wuce uku ba. Ta daɗe a tsaye tana kallo, sannan ta koma kan tabarma ta zauna. Ta ce yaranta suna nan, amma da sharaɗi ɗaya: duk abin da zai shigo gidan nan da sunan wasa, Rahama ce za ta zaɓa, ita za ta shinshina. Sauran iyaye suka ce sun bi.

Farfesa kuwa yana gefe yana kokawa da maɓalli, gumi yana taruwa a cikin mazurari. Titus ne ya ji tausayinsa, ya ce ya tsaya kada ya motsa, ya sa yatsa biyu ya ɓalle shi cikin daƙiƙa, don kullum aikinsa ke nan. Bamalli yana samun wuyansa Rahama ta dire masa buta da ɗan tsibin ƙasa a murfin kwano. Ta ce sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Ya yi ƙasa da murya ya ce ai wannan hukuncin ƙwarya ne da kare ya sa wa baki, ba na mutum ba.

"Baban Auwal, tun safe da bakin nan kake zuba wa mutane. In ba ƙwarya ba ne, mene ne?"

Haka ya tsuguna a bakin kwata, cikin kwat, yana kuskure baki, tagwaye suna ƙirga masa.

Ranar Lahadi bai leƙa teburin shayi ba. Ranar Litinin ya tafi aiki ba kati, ba jaka. Da yamma ya sauko daga bas ya shigo gida a raɓe, daidai lokacin da iyaye suke ɗaukar 'ya'yansu, Titus ma yana nan yana sa wa Dokas takalmi. Yarinyar ta ɗaga kai ta ga Bamalli. Ta ɗauki ludayi ta wurga iya ƙarfinta har bakin kicin, ta buɗe baki, ita da ba a cika jin muryarta ba, ta ce tar:

"Baba Bamalli, ɗauko!"

Shekara goma sha takwas ba wasa ba ce. Kafin hankalinsa ya ce masa tsaya, ƙafarsa ta kai shi bakin kicin da ɗan gudu-gudu, ya dawo ya sunkuya ya miƙa mata ludayi hannu biyu. Dokas ta shafa masa kai, ta sa masa rabin biskit ɗinta a tafin hannu.

 Titus ya dubi Bamalli, ya girgiza kai cikin girmamawa ta gaske.

"Oga Bamalli, ka cancanci katin nan. Wani karen maigidana wata uku na yi ina fama da shi kafin ya iya haka."